Ranar Cire Zare

Ɗakina yana jikin nasu, bango ɗaya ya raba mu, bangon kuma ba shi da kauri. Ban taɓa kasa kunne don in ji sirrin kowa ba, amma ido ne ke da murfi, kunne ba shi da shi. Abin da zan faɗa, rabi na gani da idona, rabi bango ne ya ba ni.

Gidan na Tela ne. Shagonsa yana ƙofar gida, kekunan ɗinki biyu da teburin yanka, kuma ta cikinsa ake bi a shiga tsakar gida, ta cikinsa ake bi a fita. Matarsa Malama tana koyar da 'yan aji uku a firamare. 'Ya'yansu biyu suna makarantar kwana. Ni haya nake a ɗakin gefe, shekara bakwai ke nan, suna ce mini Gwaggo ko da yake ba mu haɗa jini ba.

Ranar Litinin da la'asar suka dawo daga asibiti. Tela ne a gaba da ledar magunguna, Malama a bayansa tana laluben ƙasa da ƙafa. Na kama hannunta har bakin gado. Da na dubi fuskarta da kyau sai da na ja da baya. Fatar idanunta biyu ta kumbura suntum, ta yi shuɗi-shuɗi, ga siririn ɗinki a kan kowace daga wannan kusurwa zuwa waccan.

"Kada ki tsorata, Gwaggo," ta ce, tana dariya a hankali don kada fuskar ta motsa. "Sun ce haka yake yi. Nan da sati biyu sai kin tambayi sunana."

Shekaru ke nan fatar idonta tana saukowa, tana ninkewa a kan gashin ido, har ta zama kullum kamar mai jin barci. Yara a aji suna tambayarta ko ba ta da lafiya. Shi kansa Tela "Sarauniyar gyangyaɗi" yake ce mata, ko a gaban baƙi. Da ta ce za ta je a rage fatar, dariya ya yi ya sa hannu a takardar asibiti, ya ce ko an ɗage labule kayan ɗakin ne dai a ciki.

Ranar da suka dawo kuwa, fuskarsa a murtuke take. Ya ajiye leda, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Gwaggo, kin san abin da nas ɗin can ta ce mini? Wai, 'Maigida, sai ka ƙara tsawon katanga, in kumburin nan ya sauka an rage wa matarka shekara goma.' Likitan kuma ya riƙe haɓarta yana juya fuskar dama da hagu, kamar mai taya kaya a kasuwa."

"Wasa take yi," in ji Malama.

"Na sani. Ni ma ai dariya nake."

Ban ga dariyar ba.

An ba su takarda mai bayanin jinya. Malama ba ta iya buɗe ido sosai, sai ta miƙo mini. Ni da girmana na yi karatu, a hankali nake binsa, amma na karanta musu tsaf. A riƙa ɗora ƙanƙara a naɗe cikin ƙyalle mai tsabta kwana biyun farko. A kwanta da filo uku, kai a sama. Ban da sunkuyo, ban da ɗaukar abu mai nauyi, ban da hayaƙi da ƙura, ban da kwalli, ban da sosawa. Man shafawa safe da yamma. A rage kallon waya. Ranar Asabar ƙarfe tara, kwana na shida, a dawo a cire zare. A can ƙasa an ja layi biyu a ƙarƙashin wata magana: in ido ɗaya ya fi ɗaya ciwo, ko ya fara ruwa, ko gani ya dushe, kada a jira ranar, a zo nan take.

Duk cikin takardar, layi ɗaya Tela ya tsinta.

"Kin ji, an ce a rage kallon waya. Kawo in ajiye miki."

Ya sa ta a aljihun rigarsa, tare da alli da tef ɗin awo.

Talata na wuni ina fasa ƙanƙara ina naɗewa. Laraba malaman makarantarsu suka zo dubiya, mata huɗu da maza biyu, da ledar lemo. Ina shanya a tsakar gida na ji muryoyinsu a shago.

"Tana barci," in ji Tela, ƙafarsa ba ta daina taka keke ba.

"To ko mata su leƙa ta mana," in ji shugaban makarantar, wani dattijo mai sanyin murya.

"Likita ya hana. Daga waje kuke, akwai ƙura a jikinku."

Sai ɗayan namijin, wani matashi, ya ce, "A gaya mata yara sun yi kewarta. Mu ma ofis ya yi mana shiru."

Keken ya tsaya.

"Kai ne wa?"

"Malamin lissafi ne, ranka ya daɗe."

"To malamin lissafi, ka lissafa hanyar da ka biyo, ka koma ta nan."

Suka yi dariyar yaƙe, suka ajiye lemo suka tafi. Ba a jima ba na ji shi ta bango.

"Wane ne mai lissafin nan? Ofis ya yi masa shiru. Hira kuke sha ke nan."

"Haba Maigida. Yaron da na girma da shekara goma sha biyar?"

"An ce an rage goma. Saura biyar."

Alhamis mahaifiyarsa ta iso da jakarta, wai ta zo jinya. Inna muke ce mata. Tata fatar idon ta fi ta Malama saukowa, sai ta ɗaga haɓa take ganin mutum. Ta daɗe tsaye a kan surukarta tana duban ɗinkin.

"Ikon Allah. Mu da muka haifi tara, wa ya taɓa ɗage mana fatar ido? Haka uban yaron nan ya gan ni har ya koma ga Mahaliccinsa, bai ce in je a yanka ba."

"Sannu da zuwa, Inna."

"Yauwa. Tashi ki share tsakar gidan nan, ya yi kaca-kaca. Jinyar wanda ciwo ya samu ake yi, ba ta wanda ya je ya sayo shi da ƙafarsa ba."

Na karɓi tsintsiyar. Amma girki ban iya karɓa ba, don Inna ta ce ba ta cin abincin gas, ba ya nuna har ciki, kuma ba ta cin na hannun 'yar haya alhali matar ɗanta tana numfashi. Malama ta tsuguna gaban gawayi tana fifita, hawaye na bin kumatunta, tana ɗauke su da gefen mayafi don an hana ta murzawa.

"Inna, takarda ta ce ban da hayaƙi," na ce.

"Takardar ce za ta ci abincin?"

Ba zan wanke kaina ba. Ranar da yamma na tsaya gaban madubina, na sa yatsa na ɗage tawa fatar idon, na ga matar da na sani shekara ashirin da suka wuce. Na saki, ta tafi. Na ce a raina, wasu dai da gata suke. Abin da ke cin Inna, ni ma ya ɗan lasa ni.

Juma'a da safe Malama ta kira ni da murya ƙasa-ƙasa. Kumburin ya sauka sosai, shuɗin ya koma rawaya-rawaya. Ta buɗe idanu. Manya ne, farare tas, irin waɗanda in sun kalle ka sai ka gyara tsayuwa. Ashe duk shekarun nan suna nan a ɓoye.

"Gwaggo, ina ganin silin ban ɗaga kai ba," ta ce. Murna ta hana ta rufe baki.

Muna cikin haka Tela ya shigo neman wani abu. Ya tsaya cak. Ya daɗe yana kallonta, irin kallon da mutum ke yi wa kayansa in ya gan su a hannun wani. Ita kuwa tana jira ya ce wani abu, har ta ɗan sunkuyar da kai kamar yarinya.

"Ya yi kyau," ya ce. "Ya yi kyau ƙwarai. Za a sha kallo."

Ya fita bai ɗauki abin da ya zo nema ba.

Asabar tun ƙarfe takwas ta shirya, katin asibiti a hannu. Ta same shi a shago yana yanka yadi.

"Sai ina?"

"Yau ne cire zaren, Maigida."

"Af. Ga kayan mutane sun yi mini yawa, an matsa mini. A bari sai Litinin."

"Sai mu je da Gwaggo, ba sai ka tashi ba."

"Na ce Litinin."

Almakashi ya ci gaba da cin yadi. Ta daɗe a tsaye, sannan ta koma ta cire mayafi.

Litinin Tela ya ce babur ɗinsa ya ƙi tashi. Na ga dai ya tashi da azahar da za a je sayen zare. Asibiti suka bugo sau biyu, a aljihunsa wayar ta yi ƙara, na ji yana cewa lafiyarta lau, sun ɗan yi tafiya ne. Ƙanwarta Auta, mai shagon gyaran gashi, ita ma ta yi ta bugowa, yana ce mata yayarta barci take, yana tsokanarta har ta yi dariya ta kashe.

Talata gaskiyar ta fito, ta bango.

"Sau ɗaya na tsaya ina kallo wani ƙato ya sunkuya a kan fuskarki, numfashinsa yana taɓa kumatunki. Lokacin ma kina kumbure kamar an yi miki duka. Yanzu fa?"

"Nas ce ke cirewa. Mace ce."

"Likitan kuma ya shigo ya duba aikinsa, ya yaba, ki ɗaga ido ki kalle shi ki yi godiya. Ni na zama direba."

"Maigida, yana mini ƙaiƙayi. Na hagun ya fara ja, dubi. Fata ta fara cin zaren."

"Wa kika yi wa, ni ko su? Shekara ashirin da biyu ina ganinki a haka, na kore ki?"

"Kai ne fa kake ce mini Sarauniyar gyangyaɗi."

"Wasa ne! Yau mutum ba zai yi wasa da matarsa ba sai ta kai fuskarta a yanka?"

Laraba da hantsi, kwana na goma, ya fito da kujera tsakar gida ya ajiye inda rana ta fi haske. A hannunsa akwai ƙaramin almakashinsa mai tsini, wanda yake tsinke zare da shi, da hantsaki. Ya goge su da turare, ya gifta su a wutar ashana, ya ɗora tabarau a karan hanci.

"Fito, Malama. Tunda zare ne ya hana mu sakat, yau za a gama da shi."

Ta fito ta ga kayan, ta ja da baya har ta bugi ƙofa.

"Shekara talatin ina ɗinki ina farkewa," ya ce. "Leshi na farke, siliki na farke, ban taɓa huda kayan mutum ba. Zaren da bai kai tsawon yatsa ba ne sai an je wurin mai digiri? In ɗinki ne ma, ni zan koya wa likitan naku. Dubi yadda ya bar bakin zare a waje, ko ɗan koyo ba ya haka."

"Tela," na ce, "fatar mutum ba yadi ba ce."

Ya dube ni ta saman tabarau.

"Gwaggo, ina ganin girmanki. Shekara bakwai muna zaune lafiya, ɗakinki ko yoyo ba ya yi. A bar shi a haka."

Na gane maganar. Mace irina, ba miji ba ɗa a kusa, ta san darajar ɗaki mai ƙofa. Na ja gefe. Da ya ce in kawo ruwan ɗumi a kwano, na kawo, na tsaya riƙe da shi. Wannan shi ne rabona a cikin abin da ya faru.

"Maigida, don girman Allah," in ji Malama.

"Ko dai hannunsa kika fi so?"

Tambaya ce da ba ta da ƙofar fita. Ta zauna. Inna ta tsaya a bayanta ta rungume kan da hannu biyu, tana cewa, "Raki! Wadda ta kwanta baƙo ya sa mata wuƙa ce ke tsoron mijinta?"

Zaren idon dama ya zo da sauƙi. Ƙullin yana waje, ya datse shi, ya kama ɗaya bakin da hantsaki ya ja, zaren ya zame ya fito gaba ɗaya. Ya ɗaga shi a rana.

"Kun gani? Ina masu gardama?"

"Hannun ubanka ne," in ji Inna.

Na hagu kuwa ya riga ya kumbura, nama ya haɗiye zaren. Ya duba ta nan, ya duba ta can, bai ga baki ba. Zufa ta fara taruwa a goshinsa. Sai ya yi abin da kowane tela ke yi in zare ya ɓuya a cikin matsattsen ɗinki. Ya sa babban yatsa a sama, ya sa ɗaya a ƙasa, ya ja ɓangarorin biyu don zaren ya nuna kansa a tsakiya. A yadi, zaren ne ke bayyana. A fata, ciwon ne ya buɗe. Na ga jan layin ya wage kamar baki.

Malama ta ƙwalla ƙara, ta fizge kai daga hannun Inna. Almakashin yana rataye a yatsansa. Tsinin ya shige ƙarƙashin fatar, ya karci ƙwayar idon.

"Ke kika motsa!" Abin da ya fara fita daga bakinsa ke nan. "Inna, kin ga ita ta motsa!"

Jini da hawaye suka haɗu suna ɗiga a haɓarta. Kwanon ya suɓuce daga hannuna.

"A kai ta asibiti," na ce. "Yanzu, Tela."

"A ce wa ya yi? So kike a ɗaure ni? Ɗan ƙarzane ne, gobe ya kame."

Ya danna auduga, ya manne da filasta. Rabin zaren yana ciki.

Alhamis idon bai daina zubar da ruwa ba. Ko hasken taga ba ta iya jurewa, sai da na rataya bargo. Ta ce ji take kamar an zuba mata yashi an hana ta ƙiftawa. Juma'a audugar ta jiƙe da wani ruwa mai kauri, rawaya. Inna ta ɗaga filasta ta duba, ta ce dauɗa ce ke fita, ta ɗauko kwallinta ta zizara mata a ciki, wai kwalli ke wanke ido tun kaka da kakanni. Malama ta cije mayafi don kada maƙwabta su ji.

Asabar zazzaɓi ya rufe ta. Tela ya je kemis ya sayo ƙwayoyi, bai faɗa wa mai kemis na mene ne ba. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne yadda ya yi laushi. Ya rufe shago da wuri, ya zauna a bakin gado yana ba ta shayi a cokali, yana gyara mata filo, yana ce mata sannu. Tunda na zo gidan ban taɓa jin ya ce mata sannu sau biyu a jere ba. Amma da ta ce, "Maigida, asibiti," sai ya ce, "Sha dai. Ciwon ido sai haƙuri."

Lahadi ɗakin ya fara wani wari da turare bai iya rufewa ba.

Litinin da safe na kai mata ruwan wanke fuska. Ta kama hannuna.

"Gwaggo, ɗaga filastar. Yauwa. Yanzu rufe mini na dama da tafinki."

Na rufe.

"Ɗaga yatsunki a gabana."

"Na ɗaga."

Ta ɗan juya kai tana neman yatsun. Baƙin idon ya yi wani fari-fari a tsakiya, kamar an ɗiga madara.

"Kin ɗaga?"

"Na ɗaga, Malama. Uku ne."

"Ban ga komai ba. Haske kawai, kamar ta cikin ruwan sabulu." Ta saki hannuna. "Kada ki gaya masa. Zai ce don in fita nake faɗa."

Na ɗauki kwandona kamar mai zuwa cefane, na bi ta shago, na gaishe shi, ya amsa. Da na sha kwana sai na kama sauri irin wanda na manta ina iyawa. Na sami Auta tana tsakiyar yi wa wata kitso. Ban gama magana ba ta saki kan matar rabi a kitse rabi a tsefe, ta tare tasi.

Tela ya gan mu mun sauko tare, amma ya yi ta maza.

"A'a, Auta, yau da tasi? An sami miji ke nan?"

"Yaya, matsa."

"Barci take."

"Sati biyu tana barci? Ko gawa ai an yi mata wanka."

"Gidana ne nan, yarinya. Ba mai fita da matata ban ce ba."

Auta ta koma bakin titi, ta ɗaure mayafi a ƙugu.

"To zaɓi. Ko ka matsa, ko in tsaya a nan in faɗa wa duk mai kawo maka ɗinki abin da almakashinka ya yi. Daga mai shayi zan fara."

Mai shayi ya riga ya juyo. Tela ya dube ni, kallo mai tsawo, sannan ya janye kujerarsa daga hanya.

A asibiti na ga likitan. Ƙaton da ya hana Tela sakat ashe wani tsamurarren dattijo ne mai sanƙo, da ƙyar ya kai kafaɗar Auta. Ya ɗaga filastar, ya haska fitila, ya duba idon.

"Wa ya cire zaren?"

Auta ta buɗe baki. Malama ta matse mata hannu.

"Ni ce, likita. Ƙaiƙayi ya dame ni."

Ya dubi na daman da aka cire tsaf, ya dube ta.

"Kin iya aiki ido a rufe," ya ce. Bai ƙara tambaya ba. Ya ce cire zare aikin minti biyar ne. Ya ce ko bayan ƙarzanen, da an zo washegari, maganin ɗigawa ya isa. Yanzu gyambo ya zauna a tsakiyar baƙin idon, abin da za a yi ƙoƙari a kai shi ne kada idon ya fashe.

A waje Auta ta fashe da kuka. "Don me, Yaya? Don me kika rufa masa?"

"In an kama shi, me zan ce wa yarana in sun dawo hutu?"

Kwana tara ta yi a kwance. Idon bai fashe ba, amma hakiya ta rufe shi. Fatar kuma ta warke a karkace, ta tattare sama, ba ta rufuwa duka. In za ta kwanta sai ta manne ta da filasta, da rana kuma duk bayan awa biyu sai ta ɗiga magani don kada idon ya bushe. Likita ya ce fatar wataƙila a gyara nan gaba, gani kuwa bai yi alkawari ba. Ƙurar alli ta gagare ta. Aka ɗauke ta daga aji aka mai da ita ɗakin ajiyar littattafai, inda ba ta ganin kowa sai mai zuwa karɓar rajista.

Tela bai kore ni ba. Wata guda ba ya amsa gaisuwata, daga baya ya ci gaba. Duk kwanakin asibiti shi ne da fulas safe da yamma, har nas-nas suna cewa irin mijin nan sai an tona. A unguwa kuwa hukunci ya riga ya fita, Inna ce ta raba shi gida-gida: garin neman gira an rasa ido. Mata suna faɗa suna girgiza kai, wasu har da ɗan jin daɗi a ƙarƙashin tausayin. Na san wannan jin daɗin, don na taɓa ganin ɗan'uwansa a madubina.

Ba gira ce ta ci idon Malama ba. Aikin ya yi kyau, na gani da idona ranar Juma'ar nan, kuma na daman yana nan shaida, duk wanda ya kalle ta ta wannan gefen sai ya sake kallo. Abin da ya rage kawai a bar ta ta bi ta cikin shago ranar Asabar ƙarfe tara. Mu kan ce kishi so ne, mace ma har alfahari take yi in an ce mijinta ba ya son ko ƙuda ya sauka a kanta. Ba mai tambayar abin da zai yi wa wurin da ƙudan ke sauka. Mu kan ce tsakanin miji da mata sai Allah, mu koma ɗakunanmu mu rufe ƙofa. Ni na faɗi haka kwana biyar, ido yana ruɓewa a bayan bangona. Uwa ta riƙe kai, maƙwabciya ta riƙe kwano, matar da kanta ta riƙe sirri. Shi almakashi kawai ya riƙe.

Wata biyar bayan haka, wata safiya, na ji ta tsaya a ƙofar shago.

"Maigida, an gayyace mu taron malamai, har yamma za a kai. In ka yarda."

"Je ki mana, wa ya hana ki? Duk inda kike so. Ki daina ma tambayata." Muryarsa sakayau, keke yana gudu a ƙarƙashinta.

Ta dawo ɗaukar jaka, ta tsaya a bakin ɗakina ta ɗiga magani, ta jira ya bi ciki.

"Kin ji shi, Gwaggo?"

"Na ji."

"Shekara ashirin da biyu ina rantsuwa, ina roƙon mutumin nan ya yarda da ni." Ta rufe kwalbar ta sa a jaka. "Ashe ba rantsuwa yake so ba. Ido ɗaya ya ishe shi."

Ƙofar tana gefen hagunta. Ta juya kai gaba ɗaya don ta gan ta, sannan ta fita.